Zan tafi musayar matasa a ƙasar waje: da gaske tana kai mutum teburin yanke shawara?

Tambaya: An zaɓe ni cikin wani shirin musayar matasa, zan yi mako shida a wata ƙasa ina koyon yadda ake tsara manufofin gwamnati. Abokan aikina a ƙungiya sun rabu biyu. Wasu sun ce dama ce babba, wasu sun ce yawon buɗe ido ne da ɗaukar hoto. Da gaske irin wannan tafiya tana sa matasa su samu ta cewa a harkar mulki? In haka ne, me ya kamata in yi?

Amsa: Ƙanwata, ina taya ki murna, kuma shawarata ita ce ki je. Amma kada ki yi fushi da waɗanda suka ce yawon buɗe ido ne, domin sun ga abin da suka gani. Na daɗe ina shirya matasa kafin irin wannan tafiya, ina kuma tarbarsu idan sun dawo. Na ga waɗanda tafiyar ta zame musu mafarin aikin da ya taɓa rayuwar jama'a, na kuma ga masu yawa da suka dawo da takardar shaida da hotuna, bayan wata uku maganar ta mutu. Shiri ɗaya suka shiga, malamai ɗaya suka saurara. Abin da ya raba su yana gida tun kafin jirgi ya tashi. Tafiya tana ba ki ido da hujja da abokai. Kujerar da ake yanke shawara a kanta kuwa tana ƙasarku, kuma babu mai masaukin da zai iya ba ki ita.

Bari mu fara da inda ake yin manufa, domin a nan matasa da yawa suke ɓata. Akan ɗauka cewa a babban zauren taro ake yin ta, inda minista zai yi jawabi, a tafa, a fitar da sanarwar bayan taro. Wannan shi ne ɓangaren da kyamara take gani. Ainihin aikin yana wurin jami'in da ya rubuta daftarin farko, da kwamitin majalisar da ya cire sakin layi ɗaya ya sa wani, da layin da aka ware ko aka ƙi warewa a kasafin kuɗi, da ƙa'idojin aiwatarwa da ake rubutawa bayan kowa ya watse. Matashiyar da ta san watan da ma'aikatu suke miƙa buƙatunsu na kasafi, ta san sunan akawun kwamitin da ke duba harkar da ta dame ta, ta fi ƙarfin tasiri a kan wadda ta yi jawabi mai ratsa zuciya a birnin New York ta dawo ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Saboda haka ma'aunin tafiyarki guda ne: shin za ta ƙara miki sanin yadda wannan injin yake juyawa?

Akwai tarihi biyu da nake yawan ba matasa, saboda kusan lokaci ɗaya suka faru, sakamakonsu kuma ya sha bamban. A shekarar 1871 gwamnatin Japan ta tura wata babbar tawaga ƙarƙashin Iwakura Tomomi, ta zaga Amurka da ƙasashen Turai kusan shekara biyu tana duba makarantu da kotuna da masana'antu da majalisu. Manyan masu riƙe da mulki ne da kansu suka tafi, suka kuma ɗauki ɗalibai suka bar su a can su yi karatu. Cikin ɗaliban akwai Kaneko Kentaro, wanda ya karanta shari'a a Harvard, daga baya ya shiga cikin waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin Japan na 1889. Akwai kuma Tsuda Umeko, yarinya 'yar shekara shida a lokacin, wadda a 1900 ta kafa makarantar mata da ta zama jami'a a yau. A 1872 ita ma ƙasar Sin ta fara tura yara maza zuwa Amurka, har suka kai 120, da niyyar su yi shekara 15. Sai dai masu mulki sun zauna a gida, suna jin labarin yaran sun canza sutura da ɗabi'a, zargi ya shiga, a 1881 aka dawo da su ba su gama ba. Aka tarbe su da tuhuma, aka watsa su a ƙananan muƙamai. Ƙwazonsu bai ɓace ba: Zhan Tianyou ya gina layin dogon Beijing zuwa Zhangjiakou da aka kammala a 1909, Tang Shaoyi ya zama firaministan farko na Jamhuriyar Sin a 1912. Amma dubi shekarun da aka yi asara a tsakani. Yaran Sin ba su gaza na Japan basira ba. Su dai na Japan sun dawo sun tarar da mutanen da suka ga abin da suka gani, suna jiran su da aiki a hannu.

Akwai na uku, shi kuma gargaɗi ne. A tsakiyar shekarun 1950 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Jami'ar Chicago da Jami'ar Katolika ta ƙasar Chile, matasa suka riƙa zuwa karatun tattalin arziki. Bayan juyin mulkin 1973, da yawa cikinsu suka riƙe manyan muƙamai a gwamnatin soja ta Pinochet, suka aiwatar da abin da suka koyo a lokacin da jama'a ba su da bakin cewa a'a. Idan tasiri kaɗai ake nema, ba a taɓa yin musayar da ta kai wannan tasiri ba sai kaɗan. Amma wannan ba shigar matasa cikin tsara manufa ba ce, shigar wasu 'yan tsirarun ƙwararru ce da suka kasance matasa. Ki riƙe wannan bambancin da kyau. Ke ki samu shiga ofis abu ne mai kyau, amma tambayar da za a yi miki ita ce: da yawun wa kike magana, kuma wa kike koma wa ki ba shi bayani?

A yau shirye-shiryen sun yi yawa. Fulbright na Amurka tun 1946, Chevening na Birtaniya tun 1983, Erasmus na Turai tun 1987, shirin Mandela Washington na matasan Afirka da aka fara a 2014, wanda shi ma mako shida aka tsara shi. Tun 1981 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya buƙaci ƙasashe su riƙa sa matasa cikin tawagoginsu. Tarayyar Afirka ta amince da Yarjejeniyar Matasan Afirka a Banjul a 2006. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 a watan Disamban 2015 kan matasa da zaman lafiya da tsaro. Takardu dai ba a rasa su ba. Duk da haka, ƙididdigar Ƙungiyar Majalisun Dokoki ta Duniya ta nuna cewa 'yan majalisar da ba su wuce shekara 30 ba ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali kusan rabin mutanen duniya ba su kai wannan shekarun ba. Ko ma'anar kalmar "matashi" ba a daidaita a kanta ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirga 15 zuwa 24 a alƙalumanta, ƙuduri na 2250 ya ce 18 zuwa 29, yarjejeniyar Afirka ta ce 15 zuwa 35. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa mai shekara 34 da ofis da mota shi yake zama a kujerar da aka ce ta 'yar shekara 17 ce da ta bar makaranta.

Ki kuma san cewa duk wanda ya biya kuɗin jirginki yana da abin da yake nema, kuma wannan ba laifi ba ne, ba kuma sirri ba ne. Bayan yarjejeniyar Élysée ta 1963, Faransa da Jamus suka kafa ofishin musayar matasa na haɗin gwiwa da manufa bayyananna, wato 'ya'yan waɗanda suka yaƙi juna su san juna har yaƙi ya yi wuyar sake faruwa. Sauran ƙasashe suna neman abokai cikin shugabannin gobe. Abin da wannan yake nufi gare ki shi ne, mai masauki ɗakin da ya share zai nuna miki. Za a kai ki makarantar da ta fi kowace, da ƙaramar hukumar da ta ci lambar yabo. Babu ƙarya a ciki, amma rabin labari ne. Sauran rabin sai kin tambaya.

To me za ki tambaya? Akwai ma'auni biyu da nake so ki tafi da su a ka. Na farko tsanin auna shigar yara cikin yanke shawara da Roger Hart ya zana a 1992, mai matakala takwas, wanda ya ɗora a kan wani tsani da Sherry Arnstein ta fitar a 1969. Matakala uku na ƙasa Hart ya ce sam ba shiga ba ce: a yi amfani da yara don cim ma wata manufa da ba su fahimta ba, a yi ado da su a taro, ko a ba su magana ta cika fuska da ba ta canza komai. Na biyu na Farfesa Laura Lundy ne ta Jami'ar Queen's da ke Belfast, wanda ta fitar a 2007 tana fassara sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989. Ta ce abu huɗu ne sai sun haɗu: a samu fili, a samu murya, a samu mai saurare wanda yake da ikon yin wani abu, sannan maganar ta yi tasiri. Ƙasar Ailan ta ɗauki wannan ma'auni ta gina tsarinta na ƙasa a kansa a 2015. A sanina, kusan kowa yana iya samar da biyun farko, saboda ba su da tsada: a kama zaure, a miƙa makirufo. Biyun ƙarshe ne ke da nauyi. Duk majalisar matasan da aka kai ki, ki tambaye su abu ɗaya cikin ladabi: a bara, wace shawara ce taku ta canza wani hukunci, kuma wa ya rubuto muku amsa? Idan aka yi shiru ana kallon juna, kin samu darasi. Idan aka ɗauko miki takarda, ki roƙi kwafi.

Akwai wuraren da za ki ga abin na gaske, kuma yana da kyau ki san kamanninsa. A Majalisar Ƙasashen Turai da ke Strasbourg, wadda daban take da Tarayyar Turai, sashen matasa yana tafiya ne bisa shugabancin haɗin gwiwa. Wakilan ƙungiyoyin matasa 30 suna zama da jami'an gwamnatoci a majalisa ɗaya, tare suke yanke abin da za a sa a gaba da yadda za a raba kuɗin sashen. A Finlan, dokar ƙananan hukumomi ta 2015 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta samar da majalisar matasa, abin ya tashi daga alfarmar shugaba ya koma doka. A birnin Boston na Amurka, a 2014 aka fara ware dala miliyan 1 daga kasafin ayyukan birnin, matasa tun daga 'yan shekara 12 suka kawo shawarwari suka kaɗa ƙuri'a kan abin da za a yi da ita. Ƙasar Fotugal ta yi irin wannan a matakin ƙasa baki ɗaya a 2017. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ko dai akwai doka, ko akwai kuɗi, ko akwai ƙuri'ar da ake ƙirgawa. Inda babu ko ɗaya cikin ukun, ki sa ido sosai.

Misalin Boston zai kai mu ga abin da na fi so ki fahimta, wato yadda manufa take lalacewa a hanya. Wannan tsari na jama'a su raba wani kaso na kasafi da kansu ba a Amurka aka ƙirƙiro shi ba. A birnin Porto Alegre na Burazil aka fara shi a 1989. A can, a wancan lokacin, mazauna unguwanni suna taruwa su jera buƙatunsu, su zaɓi wakilai, a kuma raba kuɗin ayyuka bisa ma'aunin da ya fifita unguwannin da suka fi talauci da rashin ruwa da hanya. Gwamnatin birnin ta gyara yadda take tara haraji da yadda ofisoshinta suke aiki domin abin da aka zaɓa ya tabbata a ƙasa. Tawagogi suka yi ta zuwa kallo daga ko'ina, tsarin ya bazu zuwa dubban garuruwa. Amma a wurare da yawa abin da aka ɗauko shi ne taron, aka baro kuɗin da gyaran ofis a can. Jama'a su taru, su yi zaɓi, shekara ta zagayo ba a ga komai ba, a shekara ta biyu zauren ya zama wayam. Wanda ya kawo tsarin kuma ya rasa bakin magana, har abin kirkin da zai kawo nan gaba ba za a saurare shi ba.

Masana biyu, David Dolowitz da David Marsh, sun bayyana hanyoyi uku da aron manufa yake faɗuwa. Ko a ɗauko ba a san yadda take aiki a gidansu ba, ko a ɗauko rabi a bar ginshiƙin da ke riƙe da ita, ko a ɗauko ta cif amma ƙasar da aka kai ta ba irin wadda ta tsiro a cikinta ba ce. Matashin da ya yi mako shida yana cikin haɗarin duka ukun, saboda baƙo abin da ke sama yake gani. Na taɓa raka wata tawaga da ta ga majalisar matasa a wata ƙasa, abin ya burge su ƙwarai. Da suka dawo suka kafa irinta, da kakaki da sanda da zaman muhawara, komai tsaf. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, a can akwai ƙa'idar da ta tilasta wa hukuma ta amsa kowace shawara a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, akwai kuma ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa ke nan. Tasu majalisar ta yi zama, ta zartar da ƙudurori masu ma'ana, babu wanda ya wajaba ya karanta su. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yara ne masu gaskiya, kuma da yawansu daga nan suka yanke ƙauna da harkar baki ɗaya. Tun daga lokacin nake gaya wa kowa: kayan aro ba ya rufe katara. Ki tambayi abin da ke ƙarƙashin abin da aka nuna miki. Wa yake biya? Wace doka ce ta tsaya masa? Shekara nawa aka yi ana faɗa kafin a samu? Wa ya yi adawa, kuma da me aka rarrashe shi? Me aka gwada da farko ya faɗi?

Batun ware wa matasa kujeru a majalisa ma haka yake. Ruwanda tana da kujeru 2, Yuganda tana da 5. Za ki ji masu yabo da masu suka, kuma duka suna da hujja. Kujera tana sa a ji muryar da ba a saba ji ba, amma idan hanyar zaɓen mai zama a kanta tana hannun masu mulki, sai ta zama ta 'yan amshin shata. Kafin ki yaba ko ki kushe, ki binciki yadda ake zaɓensu.

Kada kuma ki tafi da tunanin cewa ilimi hanya ɗaya yake bi, daga ƙasashe masu arziki zuwa sauran. Kin ga Porto Alegre ce ta koyar da Boston da Paris. Fafutukar rage shekarun tsayawa takara da matasan Najeriya suka fara ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta suka ɗauka suka mai da ita gangamin duniya a 2016, kafin a sa hannu a kan gyaran kundin tsarin mulkin a ƙarshen watan Mayun 2018, inda shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Ki lura da yadda aka yi wannan aikin: bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ƙirga ƙuri'u, bin majalisun jihohi har aka samu adadin da tsarin mulki ya nema. Burazil ta ba 'yan shekara 16 damar zaɓe tun 1988, kusan shekara 20 kafin Ostiriya ta yi haka a 2007. Ina ma da ra'ayin cewa a mafi yawan lokuta abokan tafiyarki za su fi masu masaukinki amfani gare ki. Wanda ya fito daga ƙasar da kasafinta da matsalolinta suka yi kama da na ƙasarku, dabarar da ya gwada ta fi kusa da abin da za ki iya yi. Hirar dare a masauki takan fi laccar safe albarka, kuma wannan zumuncin shi ne yake daɗewa. Bayan shekara biyar, idan kina rubuta daftari kika maƙale, waɗannan ne za ki aika wa saƙo su turo miki dokar ƙasarsu kafin gari ya waye.

Yanzu ga abin da za ki yi, kuma mafi yawansa kafin tafiya ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zaɓi matsala ɗaya, ƙarama, mai iyaka. "Ci gaban matasa" ba matsala ba ce da za a iya kamawa da hannu. "Me ya sa waɗanda suka gama koyon sana'a ba sa samun takardar shaidar da masu ɗaukar aiki suka yarda da ita" matsala ce. Ki zauna da mutanen da abin ya shafa ki ji daga bakinsu, har da abokan aikinki masu shakka, domin su ne suka aike ki ko ba su faɗa ba. Ki karanta manufar matasa ta ƙasarku da kason da aka ware mata a kasafi. Abin kunya ne da nake yawan gani, matashi ya iya bayanin tsarin wata ƙasa dalla-dalla bai taɓa buɗe na ƙasarsa ba. Sannan, wannan shi ne mafi muhimmanci, ki nemi jami'in da matsalar take kan teburinsa, ki je ki gaishe shi, ki ce za ki tafi wuri kaza, akwai abin da yake so ki dubo masa? Yawancinsu ba a taɓa yi musu wannan tambayar ba. Daga ranar kin tashi daga mai zuwa da ƙorafi kin koma 'yar aike, kuma 'yar aike dole a saurari abin da ta dawo da shi. Abin da Japan ta yi ke nan, a ƙaramin sikeli.

A can kuma, za a haɗa ku da manya, ki gaishe su ki ɗauki hoton, babu laifi. Amma ki nemi rabin awa da na ƙasa da su, akawun kwamiti, ko jami'ar kasafi, ko wanda yake tattara ra'ayoyin jama'a ya mai da su rahoto. Su ne suka san inda abin yake tsayawa. Ki roƙi takardun aiki na ainihi: fom ɗin da suke cikewa, ƙa'idojin zama, misalin amsar da hukuma ta ba matasa, rahoton binciken da ya nuna gazawa. Waɗannan sun fi duk wani jawabi da aka haska a allo. Kowane dare ki rubuta abu biyu, abin da kika gani, da abin da zai hana shi aiki a gida.

Dawowa ita ce mai wuya, kuma ba a cika shirya mutane a kanta ba. Za ki sauka da zafi, ki tarar kowa yana inda kika bar shi. Wasu za su yi miki kallon mai girman kai tun kafin ki buɗe baki. Ki kiyayi kalmar nan "a can kuwa", babu abin da yake toshe kunnen jami'i kamarta. Ki fara da matsalarsa, ki kawo misalin waje a matsayin hujjar cewa abin mai yiwuwa ne, ki kuma faɗi da bakinki inda bai dace da yanayinku ba kafin wani ya faɗa. Cikin wata na farko ki tara waɗanda kika saurara kafin tafiya ki ba su bayani, har da abin da ya ba ki kunya ko ya saɓa wa zatonki. Ki rubuta shafi biyu, kada su wuce haka: ga matsala, ga abin da wasu suka gwada, ga abin da za a iya yi a nan, ga kuɗin da zai ci, ga wanda yake da ikon sa hannu. Ki kai wa jami'in nan. Ki sa ido kan lokacin da majalisa za ta yi zaman jin ra'ayin jama'a ko lokacin da za a sabunta wata manufa, domin shawara mai kyau da ta zo bayan an rufe kasafi sai ta jira shekara guda. Kuma ki sa a ranki cewa abin zai ɗauki shekaru. Wasu shirye-shiryen, kamar Chevening, suna sharɗanta mutum ya koma ƙasarsa ya yi aƙalla shekara biyu. Ni a ganina shekara biyu ita ce mafi ƙarancin lokacin da ƙaramin gyara ɗaya yake ɗauka kafin ya zauna.

Akwai abu ɗaya da masu sukar nan suke da gaskiya a kansa ɗari bisa ɗari, kuma bai kamata mu kau da kai ba. Wa ake zaɓa? Mai fasfo, mai Turanci ko Faransanci, mai intanet ɗin cike fom, wanda ya iya rubuta labarin kansa yadda masu tantancewa suke so, wanda ofishin jakadanci ya yarda zai dawo har ya ba shi biza. Wannan matatar tana zubar da matashin karkara, da mai buƙata ta musamman, da yarinyar da ba za a bar ta ta yi nisa ba, da wanda idan ya bar sana'arsa mako shida iyalinsa za su shiga wani hali. Su ne kuma manufofin gwamnati suka fi taɓawa. Sai a wayi gari fuskoki ɗaya ne suke zagaya tarukan duniya, daga wannan shiri zuwa wancan, har su fi sanin filayen jiragen sama a kan mutanen da suke cewa suna wakilta. Ba ke kika gina wannan matatar ba, amma yanzu kin ratsa ta, kuma akwai haƙƙi a kanki. Abin da kika koyo ki mai da shi harshen da mutanenki suke ji. Idan kiran shekara mai zuwa ya fito, ki zauna da mutum biyu da ba su taɓa fita ba ki taya su cike fom. Idan aka sake gayyatarki karo na uku a kan magana ɗaya, ki ba da sunan wata.

Su kuma abokan aikinki, kada ki tsaya musu da su. Ki tara su kafin ki tafi, ku rubuta matsalar da za ki dubo, da ofishin da za ku tunkara idan kin dawo, da wanda zai raka ki cikinsu, ku sa ranar da za ku sake zama bayan shekara guda ku duba inda aka kwana. Wanda ya fi kowa shakka, shi za ki ba ajiyar takardar.